Ranar da Za a Tambaye Ki Abin da Ke Zuciyarki

Duk mai cikin da ta taɓa zuwa awo ta san yadda abin yake. A hau sikeli, a auna hawan jini, a karɓi fitsari, sannan a kwanta a duba girman ciki, a saurari bugun zuciyar ɗan tayi. Babu wadda take jin nauyin waɗannan. Amma da zarar ungozoma ta ajiye biro ta dubi mace ta ce, "Yaya zuciyarki a 'yan kwanakin nan?" sai a sunkuyar da kai, a shiga wasa da bakin mayafi. Amsar kuwa kusan guda ce: "Lafiya lau, Sista."

Wani lokaci lafiya lau ɗin ce da gaske. Wani lokaci kuma mai maganar ta kwana ba ta runtsa ba, ta yi mako guda abinci ba ya mata daɗi, tana kuka a bayi don kada yara su gani. Saboda irin waɗannan 'yan'uwa ne na ga ya dace mu yi magana a wannan fitowa a kan zaman tambayoyi na farko, wato wanda ake yi kafin a tura mace wajen mai ba da shawara. Mata da yawa a wannan zama suke tsorata, su tafi ba su sake dawowa ba, alhali taimako yana gab da su.

Me ya sa muke tambaya?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a duniya baki ɗaya, kimanin mace 10 cikin 100 masu ciki da 13 cikin 100 na masu jego suna fama da matsalar da ta shafi tunani, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa lambar ta fi haka: kusan 16 cikin 100 a lokacin goyon ciki, kusan 20 cikin 100 bayan haihuwa. Ke nan idan mata ashirin suka zauna a benci ranar awo, ba abin mamaki ba ne a samu uku da wannan ciwo yake ci a ɓoye.

Ciwon damuwa ba ya tsayawa a zuciyar uwa kaɗai. Macen da ya kama takan kasa cin abinci yadda ya kamata, ta daina shan maganin ƙarin jini, ta riƙa tsallake ranar awo. Bayan haihuwa kuma shayarwa takan yi mata wuya, haka ma kai jariri allurar rigakafi. Shi ya sa a 2022 Hukumar ta fitar da jagora ga asibitoci kan yadda za a haɗa kula da lafiyar tunani da sauran aikin awon ciki da duba jarirai, maimakon a jira sai abu ya ɓaci.

Mene ne maganin tattaunawa?

Magani ne da ake yi da baki, babu allura babu ƙwaya. Mace za ta riƙa zama da ma'aikacin da aka horar, sau ɗaya a mako ko bayan mako biyu, su warware matsalolinta ɗaya bayan ɗaya. A duba tunanin da yake hana ta barci, a gane wanda yake da tushe da wanda tsoro ne kawai ya haifar. A tsara ƙananan abubuwan da za ta yi kafin zama na gaba, kamar neman wadda za ta kama mata aiki ko fita ta gaisa da maƙwabta.

An gwada wannan hanya a wuraren da rayuwarsu ta yi kama da tamu. A ƙauyukan Rawalpindi da ke Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokan aikinsa sun horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwa su riƙa irin wannan zama da masu ciki. Sakamakon da suka buga a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, 23 cikin 100 ne kawai ciwon bai sake su ba a cikin waɗanda aka yi wa zaman, yayin da a ɗaya rukunin 53 cikin 100 suke fama har lokacin. Daga baya, a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa. A Harare ta Zimbabuwe kuwa, tsofaffin mata ne Dakta Dixon Chibanda ya horar, suna zama da mutane a kan benci a harabar asibiti. A nan gida ma, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci bincike a ƙananan asibitocin Jihar Oyo, aka buga shi a 2019, inda ma'aikatan awo suka kula da masu ciki da ke da ciwon damuwa, kuma mafi yawansu sun samu sauƙi.

To amma ba a fara magani sai an san ciwo. Wannan shi ne aikin zaman farko.

Yadda zaman yake gudana

Akan fara da gajerun tambayoyi biyu: ko a wata gudan da ya wuce kin sha jin baƙin ciki ko yanke ƙauna, da kuma ko kin daina jin daɗin abubuwan da a da suke faranta miki rai. Idan kin ce e ga ɗaya, sai a ci gaba.

Takardar da aka fi amfani da ita ga masu ciki da masu jego ita ce wadda wani likita mai suna John Cox da abokan aikinsa biyu suka tsara a Sukotland a 1987, ana kiran ta ma'aunin Edinbura. Tambayoyi goma ne, duk a kan kwana bakwai da suka wuce. Sun shafi dariya da walwala, ɗora wa kai laifi, fargaba ba dalili, kasa barci saboda ɓacin rai, da yawan kuka. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30. A wurare da dama, wadda ta samu 13 zuwa sama akan ce a ƙara zama da ita, wasu asibitocin ma suna farawa daga ƙasa da haka. Cika takardar ba ya wuce minti biyar zuwa goma.

Ki sani cewa makin nan ba hukunci ba ne. Kamar ma'aunin zafin jiki yake: zai nuna akwai zazzaɓi, amma ba zai faɗi abin da ya kawo shi ba. Shi ya sa bayan takarda sai hira, wadda takan ɗauki rabin awa zuwa awa guda. Za a tambaye ki cikin da kika yi a baya da yadda suka ƙare, wanda kike zaune da shi, mai taimaka miki da aikin gida, halin abinci da kuɗin haya, da ko akwai mai dukan ki ko tsangwamar ki. Za a tambayi magungunan da kike sha, na asibiti da na gargajiya. Likita kuma zai iya sa a duba jininki, domin ƙarancin jini da ciwon ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod sukan kawo kasala da faɗuwar gaba irin na ciwon damuwa.

Abin da mata suke ji a wannan zama

Na farko shi ne tsoron suna. Duk mutumin Kaduna ya san abin da ake nufi idan an ce "a kai shi Barnawa", kamar yadda mutanen Kano suke cewa Dawanau, Sakkwatawa kuma su ce Kware. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa wuri ne na ƙwararru, mutane da yawa sukan je su ga likita su koma gida a ranar, su ci gaba da harkokinsu. Amma sunan ya riga ya zauna a bakin jama'a da wata ma'ana. Don haka da mace ta ji an fara tambayar barci da kuka, sai ranta ya ba ta cewa ana shirin rubuta mata taɓin hankali. Gaskiyar magana, yawancin masu ciwon damuwa hankalinsu ɗaya, kuma ba sa bukatar kwanciya a ko'ina.

Na biyu kunya da kawaici. An raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma macen kirki ba ta fallasa sirrin gidanta. Wata kuma tana ganin faɗin damuwa butulci ne ga Allah da Ya ba ta ciki alhali wasu suna nema. Haƙuri abu ne mai kyau, amma babu malami ko fasto da zai ce wa mai ciwon haƙori kada ta je asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na uku harshe. A Kakuri, Makera, Nasarawa, Television, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Gonin Gora, Hausa ce harshen kasuwa da na mota, amma ga mata da dama harshen zuciya shi ne Gbagyi, ko Jju, ko Tyap, ko Ibo, ko Yarabanci. Mace za ta iya cinikin tumatir da Hausa tsaf, amma ta rasa kalmar da za ta kira abin da yake tokare mata ƙirji. Ko 'yar Hausa ma ba kasafai take cewa "ina cikin damuwa" ba. Sai dai ta ce kanta yana zafi, ko zuciyarta tana bugawa, ko wani abu yana mata yawo a jiki, ko tunani ya yi mata yawa. Duk waɗannan amsoshi ne masu kyau. Ki faɗi yadda ya zo miki, aikinmu ne mu fahimta.

Na huɗu tsohon miki. Yawancin matan da suke haihuwa yanzu yara ne ko 'yanmata lokacin rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011. Wasu sun rasa iyaye, wasu gidansu ya tashi daga wannan ƙetare na kogi zuwa wancan. Wasu sun tashi a gidajen da suka shiga halin ƙunci bayan rufe masaƙun Kakuri. Wata kuma haihuwar baya ce ta zo mata da wahala, ko jaririn bai zo da rai ba. Goyon ciki yakan tayar da irin waɗannan abubuwa. Idan tambaya ta taɓa wurin da ba ki shirya buɗewa ba, kina da damar cewa a bar shi sai wani zama.

Na biyar ita ce tambaya ta goma a takardar, wadda ta fi kowace nauyi: ko tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki. Na ga matan da suka zabura da jin ta, wasu har suka yi fushi. Kowa ake yi wa wannan tambaya, ba don an ga wani abu a fuskarki ba. Yin ta ba ya sa wa mutum tunanin da babu shi a ransa. Wadda kuwa tunanin ya daɗe yana damun ta, sau da yawa wannan ne karo na farko da wani ya ba ta damar faɗi, kuma faɗin shi ne farkon tsira.

Darasin da wata mai ciki ta koya mini

Ba zan manta da wata baiwar Allah ba, wadda na sauya wasu bayananta don kada a gane ta. Ciki na huɗu ne, na ukun kuma jaririn ya koma kwana biyu da haihuwa. Sau uku tana zuwa da kukan zafin kai da bugun zuciya, ana aunawa ba a ga komai ba. Ranar da na yi mata tambayoyin, layi ya yi tsawo, uwar mijinta tana tsaye a kanta riƙe da jaka. Na karanta tambayoyin da sauri, idona a kan takarda. Kowace na yi sai ta ce babu komai, tsohuwar tana tayawa da "Ai lafiyarta ƙalau." Makin da ta samu bai kai biyar ba. Na rubuta, na sallame su.

Da suka dawo bayan mako biyu, ta ƙara ramewa. A wannan karo na ce, "Mama, don Allah ki taimaka ki karɓo mata magani kafin layi ya cika." Da tsohuwar ta fita na ja labule, na ture takardar gefe, na tambaye ta yadda take kwana. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sai hawaye. Ashe tun da cikin ya fara motsi take ganin wannan ma ba zai tsaya ba, kuma ta ƙudurta a ranta cewa sakacinta ne ya kashe na baya. Abin da ya hana ta magana a karon farko shi ne tsoron kada a rubuta a katin awon da take kaiwa gida, dangin miji su karanta.

An haɗa ta da mai ba da shawara, ta yi zama da dama kafin ta sauka, aka ci gaba bayan suna. Uwar mijin da na ɗauka za ta zama cikas, da aka yi mata bayani da yardar surukarta, ita ce ta riƙa rako ta tana riƙe mata yara. Laifin zaman farko nawa ne. Takarda ɗaya ce, mace ɗaya ce, amma amsa ta bambanta saboda yadda aka yi tambayar da kuma wanda yake tsaye a ɗakin.

Haƙƙinki a ɗakin tambaya

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majinyaci. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi kare mutunci da haƙƙin masu irin wannan lalura. Saboda haka:

1. Kina iya neman a gan ki ke kaɗai. Kina kuma iya shigowa da wanda kika yarda da shi.
2. Ki tambayi sunan mai yi miki tambayoyi da aikinsa. Idan kin fi sakewa da mace, ki faɗa.
3. Idan ana bukatar tafinta, ki nemi ma'aikaciyar asibiti mai jin harshenki. Bai dace ɗanki ko kishiyarki su yi wannan aiki ba.
4. Ki tambayi abin da za a rubuta, a ina, da kuma wanda zai gani.
5. Idan ba ki gane tambaya ba, ki ce a maimaita. Babu amsar da ta fi wata daidai.
6. Kafin ki tashi ki san abu uku: me aka gano, wa za ki gani a gaba, kuma yaushe.

Akwai iyaka guda da ya kamata ki sani tun farko don kada ki ga kamar an ci amanarki. Idan ma'aikaci ya ga ranki ko na jaririnki yana cikin haɗari, dole ne ya sanar da likita, a kuma nemi wani naki da zai tsaya tare da ke. Ko a nan ma, akan fara gaya miki, a tambaye ki wanda kika fi so a kira.

Bayan an tashi

Wasu sukan fita suna jin kamar an sauke musu kaya. Wasu kuma sukan ji gajiya, ko su kwana suna nadamar sun yi magana da yawa. Duk biyun ana samu, kuma yakan wuce. Abin da ya fi ɓata wa mata rai shi ne maimaita labari: an gaya wa ungozoma, an gaya wa likita, ga kuma mai ba da shawara yana jira. Ki nemi a ba ki takardar turawa mai ɗan bayani, za ta rage miki wannan wahala. Wani lokaci kuma akan jira kwanaki kafin a samu ranar zama, domin ƙwararru a wannan fanni ba su da yawa a ƙasar nan. Idan abin ya tsananta kafin ranar, ki dawo ɗakin awo, kada ki jira.

Ba kowa ake turawa wajen mai ba da shawara ba. Wata hutu da mai taya aiki kawai take bukata, sai a sake duba ta bayan mako biyu. Wata za a haɗa mata zaman tattaunawa da magani. Akwai magungunan da likita zai iya ba mai ciki ko mai shayarwa bayan ya auna amfaninsu da illarsu. Kada ki saya da kanki a kemis, kada kuma ki daina wanda aka ba ki ba tare da shawarar likita ba.

Ga maigida da iyaye

Idan aka ce ku ɗan jira a waje, ba raini ba ne, kuma ba ƙararku ake ɗauka ba. Ko awon ciki ma a bayan labule ake yi. Idan ta fito, kada a tsare ta da "Me kika gaya musu?" Gara a ce mata sannu, a tambaye ta abin da za a yi mata. Kuɗin mota zuwa zama na gaba, da mai riƙe yara na awa biyu, da barin ta ta yi barcin rana, duk suna cikin magani. Tun a shekarun 1950 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro ta Abeokuta cewa majinyaci ya fi samun sauƙi idan danginsa suna kusa da shi suna cikin jinyar. Addu'a kuma a ci gaba da yi, ba ta hana zuwa asibiti, zuwa asibiti ma ba ya hana ta.

Ku lura da bambanci. Mai jego da yawa takan yi saurin kuka da ɓacin rai daga kwana na uku zuwa na biyar bayan haihuwa, wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Idan ya zarce mako biyu, a zo a duba. Amma a garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan mai ciki ko mai jego:

tana maganar kashe kanta ko cutar da jariri;
tana jin muryoyi ko ganin abin da wasu ba sa gani;
ta rikice, ba ta gane mutane, ko tana surutai marasa kan gado;
ta yi kwanaki ba barci sam, ko ta ƙi ci da sha.

Irin wannan rikicewa takan samu mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, galibi a makonnin farko na jego. Ciwo ne na gaggawa kamar jijjiga ko zubar jini, kuma ana warkewa idan an zo da wuri. Kada a ɗaure ta, kada a kulle ta a ɗaki, kada kuma a bar ta ita kaɗai da jariri kafin a iso.

'Yar'uwa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna iya auna jininki da nauyinki ko ba ki ce uffan ba, amma abin da ke zuciyarki sai kin buɗe baki. Ranar awo mai zuwa, idan aka tambaye ki yadda kike, ki ba da amsar gaskiya. Idan kuma ba a tambaya ba, ki ja ungozoma gefe ki ce kina da magana.

Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya abin da za a haifa.